Ranar da na yi wa tabon bango lacca

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan taɓa mantawa da wani yammaci a Djougou ba, ranar da na tsaya gaban dattawan danginmu, sanda a hannu, ina zuba bayanin sararin samaniya kamar ni na shimfiɗa shi. Har yau in abin ya faɗo mini ina tsakiyar cin abinci, sai in ajiye cokali in rufe fuska. Amma bari in ɗauko muku daga tushe, don ku ga yadda mace da karatunta take kai kanta da ƙafafunta.

Ni 'yar Parakou ce, a unguwar Guéma aka haife ni, inda Baba yake da shagon kayan babur. Asalinmu kuwa Djougou ne, jikokin fataken goro, kuma babban gidanmu yana can har gobe. Aikina shi ne abin da in an tambaye ni sai na ja numfashi tukuna. Kun san taurari ba a warwatse suke haka kawai ba, garke-garke ne, kowane garke shi ake ce wa galaxie da Faransanci. Akwai manya masu haske da kowa ke son ɗaukar hotonsu. Akwai kuma ƙanana, marasa nauyi, dishi-dishi, waɗanda ko da babban madubin hangen nesa sai an yi da gaske kafin a gan su. To waɗannan marasa galihun su ne nawa. Kuma yawanci ba ma kallonsu nake yi ba, ƙera su nake yi a cikin ordinatar, wato kwamfuta. In zuba mata lissafi, in bar ta tana ta nishi, ta nuna mini yadda irin wannan ɗan garke zai samu, ya girma, ya tsufa, sannan mu gwada da abin da ke sama mu ga ko mun yi daidai. Shekara da shekaru ina zaune gaban baƙin allo ina neman ɗan hazo-hazo. Idona ya saba, har ya zama in ka ba ni duhu sai na nemo maka wani abu a ciki. (Ku riƙe wannan da kyau, za mu dawo kansa.)

Matsalar ta faro ne daga bakina. Na zo hutu, ana wani suna, sai Gwaggo Mariya, yayar Baba, ta jawo ni gefe ta ce, "Ke wai me kike karantawa ne da ba ya ƙarewa?" Na ce ilimin taurari. Nan take idonta ya kawo haske, ta rage murya ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe muna da namu a gida. To duba mini yaron nan da ke neman ƙanwarki, ko taurarinsu sun zo ɗaya." Maimakon in zaunar da ita in yi mata bayani, sai shaiɗancin wasa ya motsa mini, na ɗaga kai sama na lumshe ido na ce, "Gwaggo, sai kin kawo goro fari tukuna." Muka yi dariya, ni na manta. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin hutuna ya ƙare, labari ya riga ni isa Djougou cewa 'yar gidan wane ta haye ƙasashen waje tana koyon duba, har ta fara karɓar goro.

Da farko abin dariya yake ba ni. Na daina dariya ranar da Baba ya dawo daga Djougou ya ajiye wata kwalbar turare a kan teburina bai ce komai ba. Tsarabar da na aika wa Alhaji Ƙarami ce aka maido. Alhaji Ƙarami ƙanen kakana ne marigayi Alhaji Babba, shi ne babban gidan yanzu, ya tsufa tukuf amma har yau Ƙarami ake ce masa. Tun ina yarinya yake kirana amaryarsa, yana tsokanata wai na cika tsada. Wannan mutumin ne ya ce ba ya shafa turaren duba. Baba mutum ne da ba ya nuna damuwa, amma na ga ya rage zuwa Djougou, in ya je ma ba ya kwana. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni na ja masa.

Ga kuma wani abu. A lokacin muna yawo makarantu da unguwanni ni da Mushe Kodjo, wani malamin fizik ɗan kudu da aka turo Parakou, yana zaune a unguwar Titirou. Muna ɗaukar ɗan madubin hangen nesa da na'urar majigi, shi ya yi wa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, bayani da Faransanci, ni in yi wa iyaye da Hausa, don mun lura in uwa ba ta gane abin ba, yaro ba ya dawowa. Burina mu kai abin Djougou, har ƙauyukan Partago. To amma a unguwarmu ta can, in Alhaji Ƙarami bai ɗaga kai ba, ko akuya ba za a bari ta leƙa madubin nan ba, balle yaro.

Wata rana bayan sallar asuba Baba ya ce, "Gani ya kori ji. Ki shirya kayanki ki je ki nuna masa da idonsa. Na roƙe shi, ya ce ki zo." Daga yadda ya faɗi kalmar roƙon nan na san ba ƙaramin abu ya haɗiye ba.

Na yi shiri kamar mai zuwa kare digiri, har ma ya fi. Na zaɓi fim ɗin da na fi alfahari da shi, na wani ɗan garke da na ƙera da hannuna. Farkonsa baƙi ne ƙirin, sai ɗan hazo a tsakiya da ƙyar ake gani, daga baya ne taurari ke kunnuwa ɗaya bayan ɗaya. Mushe Kodjo ya ce mu yanke farkon nan, mutane za su ɗauka na'ura ta lalace. Na ce atafau, ai nan ne daɗin yake.

A mota kuma na yi masa huɗuba, don Hausarsa ba ta wuce ta cinikin doya ba. Na ce, "Mushe, ka saurare ni. Wurin dattawanmu ba a faɗa wa magana haka gaba-gaɗi. Sai an gaisa. A tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi kasuwa, a yi wa matattu addu'a, a dawo a sake tambayar gajiya. Kada ka taɓa komai, kada ka cire marfin majigi, sai ka ji na ce on y va, wato mu fara." Ya ce, "Gaisuwar za ta kai wane lokaci?" Na ce, "Kai dai ka jira. Ko ka ga ta yi tsawo, ba ta yi ba." Ya ce d'accord. Bawan Allah, mutum ne mai riƙe amana, kuma a ranar na gane riƙon amana ma yana iya kashe mutum.

Mun isa da rana, kuran, wato wutar lantarki, babu. Bai dawo ba sai da aka idar da la'asar dattawa suka fara shigowa zaure, don haka ba mu samu gwada komai ba. Muka ɗora majigi a kan tebur, Mushe Kodjo ya kunna ta tana hura iska, marfinta a rufe. Aka turo ƙofar waje, aka rataya tabarma a taga, zaure ya yi duhu. Dattawa sun jeru a kan dakali da buzaye, 'yan lakwal sun cika ƙasa, mata sun taru a ƙofar cikin gida, ina jin muryar Gwaggo Mariya a cikinsu. Baba ya zauna can gefe kusa da ƙofa. Alhaji Ƙarami yana kan kujerarsa, yana tauna goro da 'yan haƙoran da suka rage.

Na lura a bangon da ke fuskantar majigi akwai wani wuri a kan dakali da ba wanda ya zauna, duk da matsin da ake yi. Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai wayewa, har sun bar mana filin hoto. (Ku yi mini uzuri. Mace in za ta ratsa zauren gidanmu, kanta a ƙasa take wucewa tana gaisuwa. Rabona da ɗaga ido in kalli bangon nan tun ina goye.)

Na durƙusa na gaida Alhaji. Ya amsa a daƙile, babu amaryata, babu tsokana. Na bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ina gaisuwa. Da na gama sai Alhaji ya ce, "To, Malama, an ce kin zo da abin nunawa. Bismillah." Malama! Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na miƙe na juya wajen bango. Kunnena yana jin ƙugin majigi, ga wani ɗan haske-haske ya kwanta a jikin farar ƙasa (ashe marfin roba ne, haske yana ɗan tsiyaya ta gefensa). Na ƙura ido kamar yadda na saba, sai ga shi. Ɗan hazo, zagayayye, ya ɗan miƙe ta gefe ɗaya, tsakiyarsa ta fi kauri, bakinsa yana narkewa cikin duhu. Zuciyata ta yi sanyi. Na ce yawwa, Mushe Kodjo ya ga na ruɗe ya kunna da kansa, Allah ya yi masa albarka. Na ga hoton ya yi ƙasa fiye da yadda ya kamata, kuma wai duhu-duhu ne a kan haske maimakon haske a kan duhu, amma mu a wurin aiki sau da yawa haka muke juya hoto don ƙananan su fito, sai ƙwaƙwalwata ta ce ai shi ke nan. Batun on y va kuwa ya fice mini fit.

Na gyara mayafi na ce, "Iyayena, ku dubi nan. Kun ga wannan ɗan abin?"

Wani tsoho ya ce, "Muna ganinsa."

Na ce, "Madalla, idonku da kyau. Mutane da yawa ba sa iya ganinsa da farko."

Alhaji Ƙarami ya miƙo mini sandarsa ya ce, "Ungo, nuna mana sosai." Na karɓa da hannu biyu, har ina jin daɗi wai ya fara saukowa.

Daga nan fa bakina ya buɗe. Jama'a, ban taɓa yin Hausa mai daɗi irin ta ranar nan ba. Na zagaya shi da sanda, na ce wannan garken taurari ne ɗan ƙarami, nisansa ya wuce abin da hankali zai ɗauka. Na ce abin da ido ke gani kaɗan ne, akwai wani nauyi a ɓoye da ke riƙe da shi, wanda har yau masana ba su san ko mene ne ba. Na ce da irin waɗannan ƙananan aka gina manya. Ina yi ina waiwayen Baba, sai in ga ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a gwiwa. Na ce Allah sarki, Baba alfahari ya hana shi ɗaga ido.

Alhaji ya ce, "Shekarunsa za su kai nawa?"

Na ce, "Alhaji, ya girmi duniyar nan da muke ciki. Ya girmi rana ma."

"Ikon Allah," in ji shi. "Kuma ke kika gano shi?"

Na ɗan yi murmushin ƙanƙan da kai na ce, "Ni na ƙera shi, Alhaji. Da hannuna, a cikin na'ura."

Daga ƙofar mata na ji wata irin ƙara kamar an toshe bakin buta. 'Yan lakwal sai cusa kai suke cikin riguna. Ni kuwa na ɗauka mamaki ne ya kama su.

"Yana motsi kuwa?" Alhaji ya sake tambaya, fuskarsa ba alamar wasa.

Na juya na ƙura wa abin ido. Duk wanda ya taɓa ƙura wa abu ido a duhu ya san abin da ke faruwa, sai ka ga kamar yana rarrafe. Na ce, "Ga shi nan kuwa! Ku duba da kyau, yana juyawa a hankali, daga dama zuwa hagu. Yanzun nan za ku ga taurari sun fara kunnuwa."

Muka jira. Zaure tsit, sai ƙugin majigi. Taurari ba su kunnu ba. Na ce, "Yana ɗan ɗaukar lokaci." Muka ƙara jira.

Can sai na ji muryar Mushe Kodjo daga bayan tebur, cikin ladabi da rarrashi, irin ta wanda ya gaji amma yana tsoron ɓata al'adar mutane. Ya ce, "Pardon, docteur. Gaisuwa ya ƙare? Je lance? In kunna?"

Na waiwaya. Yana zaune, hannayensa biyu a harɗe a ƙirji kamar yadda na umarce shi. Ordinatar a rufe. Marfin majigi yana nan daram a bakinta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na kalli marfin, na kalli bango, na sake kallon marfin. Wani ya janye tabarmar taga, hasken yamma ya shigo, sai ga garken taurarina ƙuru-ƙuru: tabon maiƙo ne a jikin farar ƙasa, daidai inda ƙeyar mutum za ta kai in ya zauna a kan dakali ya jingina.

Gwaggo Mariya ce ta fara fashewa, daga nan zaure ya ɗauka. Tsofaffi suna dariya suna tari, wani har rawaninsa ya kwance, yara suna birgima a ƙasa. Mushe Kodjo yana ta waige-waige yana tambayar "Qu'est-ce qu'il y a?" wato me ya faru, ba mai iya ba shi amsa. Ni kuwa ina tsaye da sandar mutane a hannu, na yi tsamo-tsamo, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na zo in wanke kaina daga sunan duba, ga ni na tsaya gaban shaidu ina karanta asirin sama a jikin bango. Ko boka sai ya sara mini.

Alhaji Ƙarami shi kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira hayaniya ta lafa, ya nuna tabon da haɓa ya ce, "Wannan wurin zaman kakanki ne. Nan yake jingina kansa tun ana sauke huhun goro a ƙofar gidan nan. Duk shekara sai mun shafe shi da farar ƙasa kafin salla, duk shekara sai ya fito. To yanzu na ji an ce ya girmi rana." Aka sake kwashewa.

Na so in ce duhu ne, na so in ɗora wa Mushe Kodjo, na so in ce da gangan na yi don in gwada su. Duk sun zo mini har bakin leɓe. Sai na kalli Baba, har yanzu kansa a ƙasa. Na durƙusa na ajiye sandar a gaban Alhaji na ce, "Alhaji, na yi kuskure. Abin da nake son gani shi idona ya nuna mini. Duk abin da na faɗa a kan bangon nan a zubar da shi."

Ya daɗe yana kallona, yana juya goro a baki. Sannan ya ce, "To a cire marfin mana, mu ga na gaskiyar."

Na ce da Mushe Kodjo on y va, da wata 'yar murya kamar ta sauro. Aka maida tabarma, hoto ya fito can sama da tabon. Baƙi, sai hazo, sai taurari suka fara kunnuwa, ɗaya, biyu, sai ga su barkatai suna juyawa, wasu suna fashewa suna watsa hayaƙi. Yara suka yi "Kai!" gaba ɗaya. Mushe Kodjo ya yi nasa da Faransanci, ni na bi da Hausa, amma wannan karon a taƙaice, don kunya ta cinye mini rabin harshe.

Da aka gama Alhaji ya ce, "Wannan ɗin hoton sama ne aka ɗauko?" Na ce a'a, lissafi ne, kwaikwayo ne muka yi. Ya ce, "To ina bambancinsa da na bango? Wancan ke kika faɗa, wannan ma ke kika faɗa."

Tambayar ta dake ni, don ko malamaina ba su taɓa yi mini mai zafinta ba. Na ce, "Bambancin shi ne wannan ba a yarda da shi don ni na faɗa. Sai an ɗauke shi an gwada da abin da manyan madubai suka hango a sama. In bai yi daidai ba a jefar, in sake sabo. Na jefar da da yawa, Alhaji. Kuma muna ƙera su ne ma don mu san sau nawa ido yake ruɗin mutum, kamar yadda nawa ya yi mini yanzu. Ba ya faɗin aure, ba ya faɗin arziki, ba ya sanin gobe. Halittar Allah ce kawai muke ƙoƙarin fahimta."

Ya ce, "Na yi yawon goro tun ƙafata tana da ƙarfi, na zauna da masu duba iri-iri, na ƙasa da na wuri da na ƙwarya. Ban taɓa jin ɗayansu ya ce na yi kuskure ba. In abu bai faru ba, kai ne ba ka cika sharaɗi ba." Ya juya wajen Baba ya kira sunansa ya ce, "Wannan 'yar taka ba za ta iya duba ba. Yunwa ce za ta kashe ta." Sannan ya dube ni, idonsa yana ƙyalli, ya ce, "Amaryata, ina turarena? Ko kin ba wani saurayin?"

Nan fa hawaye suka zubo mini, ga dariya ga kuka, ban san wanda zan fara ba. Ya ce yara su zo su leƙa madubin, maza da mata, amma da sharaɗi ɗaya: duk ranar da za mu yi, shi zai fara duba marfin da kansa.

Abin da ban zata ba shi ne abin da ya biyo baya. Maimakon a watse, sai tsofaffin nan suka gyara zama suna kallon tabon. Wani ya ce ya tuna yadda Alhaji Babba yake jingina a nan yana ɗanɗana goro, ya faɗa maka daga wace ƙasa ya fito. Wani ya ce ai man shanu yake shafa wa kansa, shi ya sa bango ya riƙe. Wani ya kawo labarin ranar da ya yi gyangyaɗi a wurin har baƙi suka ci suka tafi. Ni ban san kakana ba, ina jaririya ya rasu. A yammacin nan na ji labarinsa fiye da duk abin da na ji tun haihuwata, har ladan ya kira magariba suna yi.

Washegari a hanyar komawa Parakou, Mushe Kodjo ya gama jin fassarar abin da ya faru, ya yi dariya har direba ya tambaya ko lafiya. Baba yana zaune a gaba. Na matsa na ce, "Baba, ka yafe mini, na kunyata ka a gaban mutane." Bai waiwayo ba. Ya ce, "Rabon da a ambaci mahaifina a zauren nan ana dariya, na manta. Kullum sai dai addu'a, a shafa, a tashi." Ya ƙara da cewa, "Jumma'a mai zuwa zan koma in kwana biyu. Ki ba ni turaren in kai masa."

Yanzu duk hutun da na zo sai mun je Djougou, mun kai har Partago ranar kasuwa. Yaran unguwarmu sun ga ramukan wata, sun ga Zara, sun ƙirga 'ya'yan Kaza sun tarar sun fi yadda ake faɗa. Akwai wata jikar Gwaggo Mariya da ta ce ita ma irin aikina za ta yi, Gwaggo kuwa ta ce ba komai, in dai za a riƙa biyanta da abin da ya fi goro. An daina shafe tabon da farar ƙasa, ana zagaye shi ne a bar shi. Duk baƙon da ya shigo zauren sai an nuna masa an ce ga galaxie ɗin Dokta, ya girmi rana, kuma in ka ƙura ido yana juyawa daga dama zuwa hagu. Na haƙura, na san wannan suna sai dai a binne ni da shi.

Darasin da na koya kuwa bai kai girman sararin samaniya ba, ɗan ƙarami ne kamar garken da nake ƙerawa. Kafin ka buɗe baki ka yi wa dattawa bayanin abin da ya girmi rana, waiwaya tukuna ka ga ko an cire marfi. In kuma ka ga tsoho ya miƙo maka sandarsa da fara'a ya ce nuna mana sosai, to ɗan'uwa, ajiye sandar nan ka nemi wurin zama.